Ƙaramar Bindigar da Na Zaɓa wa Malama

Ni mutum ne da ko kaza ba na iya yankawa. In layya ta zo maƙwabcina nake kira ya yanka mini rago, ni kuma in danne ƙafafu ina kallon katanga. Sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi a Funtuwa, a wani ɗan shago da ke bayan kasuwar hatsi, kuma duk shagon babu makamin da ya wuce lauje. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ya tashi wata damina ya tafi saya wa matarsa bindiga.

Matata ungozoma ce ta asibiti. Kowa Malama yake ce mata, har ni da na aure ta. Tana aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye can gaba da Gozaki, ɗaki uku da rijiya, ita ce babba ita ce ƙarama. Litinin da safe take tafiya, ta shiga mota a tasha su bi ta Bakori, inda mota ta tsaya ta ƙarasa da babur. Juma'a da yamma ta dawo. Haka muka yi shekara da shekaru, haka 'ya'yanmu uku suka tashi, kuma a da abin da nake tsoro a hanyar bai wuce ramuka da gudun direbobi ba.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka fara tare hanya, su sauke mutane daga mota su shige daji da su. Abin ya fi muni da damina, lokacin da masara da dawa suka yi tsawo suka rufe hanyar ƙauye gefe da gefe, mutum goma su tsaya a ciki ba ka gan su ba sai ka zo kansu. Ni kuwa ni na sayar da irin, ni na sayar da takin. Manomi ya shigo yana yaba mini, wai bana masararsa ta fi shi tsawo ko ya ɗaga hannu, in ce masa madalla alhali gabana faɗuwa yake.

A daminar da nake magana aka ɗauke wani malamin makaranta na layinmu a kan wannan hanyar. Ya dawo bayan makonni da ransa, amma ba shi ne ya dawo ba. Muka je yi masa barka, yana zaune a tabarma yana kallon yatsun ƙafarsa, in an yi sallama da ƙarfi sai ya zabura. Daga ranar barci ya ƙaurace mini, abinci ya daina mini daɗi. Na zama mafaɗaci. Mai saye ya taya kaya ƙasa kaɗan in hau shi kamar ya zagi ubana, yara su ji ƙarar babur ɗina kowa ya nemi lungu.

Na ce wa Malama ta nemi canjin wurin aiki, ko ta ajiye aikin gaba ɗaya. Tana tsintar shinkafa na faɗa mata, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Canjin tun bara na nema, Malam. Wa zai karɓe ni? Kowa gudun wurin yake."

"To ki bari. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sha ba."

"Ka san mata nawa ke da ciki a garin yanzu? Ni na san su, na san watan kowacce. In na bari, a amalanken shanu za a riƙa ɗauko su cikin ruwa."

"Ke kaɗai ce ungozoma a duniya?"

"A can dai ni kaɗai ce."

Na yi fushi, na yi lallashi, na kai ƙara wurin yayanta. Ya saurare ni tsaf, ya ce ai da halinta na gan ta na ce ina so, ya bi ni da addu'a har bakin zaure. Na dawo gida na tarar tana goge farar rigarta ta aiki.

A shago kuwa hira ɗaya ake yi. Manoma su shigo sayen maganin ciyawa da bindigar harba-ka-ruga rataye a kafaɗa, inda a da fartanya take. Kowa cewa yake yanzu mutum shi zai tsare kansa. Ina jin su ina auna taki har maganar ta samu wurin zama a kaina. Na san doka sarai. Ƙaramar bindiga irin wadda ake ɓoyewa a jiki ba a ba irinmu izininta, wanda aka kama da ita kuwa ya shiga uku, ni kuma ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba ko a matsayin shaida. Amma wanda ya yi wata biyu bai yi barcin kirki ba, ba ya tunani irin na mutane.

Akwai wani dattijo maƙeri a wani ƙauye kusa da Bakori, shi ke kawo mini fartanya da lauje da bakin garma ina sayar masa, mun fi shekara goma tare. Na daɗe ina jin ƙishin-ƙishin cewa yanzu ba kayan noma kaɗai yake ƙerawa ba, 'yan sa-kai masu tsaron ƙauyuka ma wurinsa suke zuwa. Wata rana na rufe shago da hantsi, na ce wa maƙwabta za ni duba gona.

Na same shi a maƙera yana dukan ƙarfe. Muka gaisa, na tambayi damina, na tambayi tsadar gawayi, na tambayi ciwon bayansa, na sake komawa kan damina. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji da ni ya ajiye masaba.

"Alhaji, ba lauje ya kawo ka ba. Faɗi mu ji."

Ban je Makka ba, amma shi tun da na sayi babur ya naɗa ni. Na matsa kusa na faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure a gidan da aka hana shi. Bai yi mamaki ba. Ya shiga ɗakin da yake ajiye gawayi ya fito da buhun dusa, ya zura hannu ya zaro ƙunshi uku na tsumma mai maiƙo, ya shimfiɗa su a bayan ƙofa.

Ɗaya doguwa ce kaɗan, mai nauyi, mariƙinta na katako. Ɗaya tsohuwa ce ta Turawa, duk ta koɗe, ya ce ba shi ya ƙera ba, gyara aka kawo masa mai ita bai sake dawowa ba, ban kuwa tambayi dalili ba. Ta ukun ƙarama ce, ba ta fi tafin hannuna ba, ya goge ta tana ƙyalli. Abin kunya, sai na tsinci kaina ina zaɓe kamar yadda nake zaɓa mata atamfa da salla. Wannan za ta yi mata nauyi, wannan ta tsufa, wannan ita ce za ta dace da ita. Na nuna ƙaramar.

"Ta yi maka kaɗan," in ji shi. "Yatsanka ma ba ya shiga da kyau."

"Ba ni zan riƙe ba, Baba. Iyalina ce."

Ya janye hannunsa ya koma ya zauna a kan kututturensa.

"Wagga maƙera, in mutum ya zo sayen fartanya don wani, ba ni ba shi sai na san mai noman. Dogo ne ko gajere, da hagu yake noma ko da dama, don in san ƙotar da zan sa mashi. Fartanyar da ba ta dace da hannu ba, da ita ake sare ƙafa. Balle wannan. Da wane hannu take aiki?"

"Dama."

"Ina za ta sa ta?"

"A jakarta ta aiki."

"Wa ke taɓa jakar?"

"Ba kowa," na ce, da ƙarfin gwiwa, don a gida ba mai taɓa ta.

"Ta taɓa yanka kaza?"

Na yi dariya. Na ce mace kuma da yanka, Baba?

"To shi na gani. Matar da in za a ci kaza sai ta tsaya a zaure da wuƙa tana jiran namiji ya gitta, ita za ka ce ta ɗana wa mutum wannan?"

Raina ya ɗan sosu. Na ce jinin da Malama ta gani a rayuwarta, ni da shi mu haɗu ba mu ga rabinsa ba. Ya ce wancan jinin shigowa duniya ne, ba iri ɗaya ba ne. Sai ya yi tambayar da nake gudu tun da na zauna.

"Ita ta ce maka tana so?"

"Baba, ni ne mijinta."

"Ai ban ce ni ne ba."

Ya sayar mini dai. Maƙeri ba limami ba ne, wa'azinsa iyakarsa ke nan. Ya haɗa mini da 'yan harsasai, ya nuna mini inda ake sawa da inda ake ja, ina kallo ina gyaɗa kai, rabin abin bai shiga ba saboda zufar da nake yi. Na cusa ƙunshin a tsakiyar bakunan garma na ɗaure a bayan babur, na dawo Funtuwa ta hanyar gonaki.

Ranar Asabar da la'asar, yara sun tafi Islamiyya, na kira ta ɗaki na rufe ƙofa na warware tsumman a kan gado. Na yi tsammanin faɗa, na ma shirya amsoshina tun a hanya. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta koma kallona, kallon da take yi wa mara lafiyan da ya ce lafiyarsa lau. Ta fita ta dawo da abin awon jininta, ta naɗa mini a damtse ta matsa.

"Ya hau sosai. Yaushe rabonka da barci?"

"Ba wannan maganar muke ba."

"Ita muke. In na ɗauki wannan abin za ka yi barci?"

"Zan yi."

"To."

Shi ke nan abin da ta ce. Na tsaya ina koya mata abin da ni ma shekaranjiya na fara gani, ita kuma ta riƙe shi da yatsa biyu kamar mai fitar da mataccen ɓera. Ta naɗe shi a wani tsohon ɗankwali ta tura can ƙasan jaka, ƙarƙashin auduga da safar hannu. Na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Ranar na ci tuwo malmala biyu har na nemi ƙari.

Ba zan ɓoye ba, makonnin da suka biyo baya na ji daɗinsu. Na koma barci, na koma wasa da masu saye, autarmu ta dawo hawa cinyata. Litinin in kai Malama bakin tasha a babur in sauke ta in wuce shago, don in na makara manoman safe sun tafi wani wuri. Juma'a in ta sauka daga keke a ƙofar gida ni nake fara karɓar jakar, wai ladabi, alhali aunawa nake. Hannuna ya saba da awo, ina ɗagawa na san abin yana ciki. In na tuna yanzu har haushin kaina nake ji. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ɗan ƙarfen nan zai yi a gaban mutanen da ke yawo da manyan bindigogi ba. Na dai yi wani abu, kuma yin wani abun ya ishe ni.

A bakin tashar akwai wata Bayarabiya mai sayar da robobi da bokitai da kuloli, Iya muke ce mata. A Funtuwa aka haife ta, mahaifinta aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, Hausarta ta fi tawa karin magana. Aminiyar Malama ce tun da Malama ta karɓi haihuwar jikarta. Wata Laraba, kusan wata biyu da fara wannan zama, sai ga Iya a shagona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta samu benci ta zauna, ta jira har mai sayen ƙarshe ya ɗaure buhunsa ya tafi.

"Alhaji, ka zo ka ɗauki ajiyar matarka. Ni na gaji."

"Wace ajiya, Iya?"

"Wadda ka saya mata. Kar ka sa in faɗi sunanta a kasuwa."

Ashe tun Litinin ta farko, ina juya babur Malama take shiga shagon Iya ta miƙa mata ƙunshin ɗankwalin. Iya ta sa shi a cikin wata kula ta jera wasu a kai. Juma'a in ta sauka daga mota ta biya ta karɓa, ta mayar ƙasan jaka, ta hau keke ta kawo mini in auna. Ba ta ɓoye wa Iya ko mene ne ba. Ta ce mata mako ɗaya ne ko biyu, kafin hankalin maigida ya kwanta.

"Ga shi mako biyu ya zama wata biyu," in ji Iya. "Yanzu kuma an fara bincika shagunan bakin tasha, wai mata ake ba harsashi su kai daji. Ni ko a nan aka binne cibiyata, ranar da aka samu wannan a shagona baƙuwa zan koma, ba mai tsayawa jin bayanina. Shekaranjiya wata amarya ta nace sai wannan kular take so, da ƙyar na raba ta da ita, na ce murfin ya fashe. Ina son matarka, Alhaji, amma ina da jikoki."

Kunya ce ta fara kama ni, sai fushi, wai an mai da ni yaro ana ba ni alewa. Can sai tsoro ya zo ya kori duka biyun. Duk Litinin ɗin nan da nake komawa shago ina fito, haka take shiga cikin masarar nan ba komai a jakarta sai auduga.

Na bi Iya na ɗauki kular yadda take, na ɗaura a bayan babur. Daga tasha zuwa shagona ba nisa, amma akwai shinge guda da 'yan sa-kai suka kafa a mararraba. Kullum ina wucewa in ɗaga musu hannu. Ranar kuwa ina isowa suka tsayar da ni. Ɗaya daga cikinsu, wanda nake sayar wa mahaifinsa taki, ya dafa kular ya ce, "Alhaji, biki za a yi ba a gayyace mu ba?" Ban san abin da na amsa ba. Na isa shago rigata ta jiƙe sharkaf, na tura kular bayan buhunan taki na zauna a ƙasa. Shinge ɗaya ke nan, a garinmu, gaban yaran da suka san ni. Tsakanin Funtuwa da asibitinta ban san shinge nawa ba ne, kuma ni na ce ta riƙa ratsa su da wannan abin sau biyu a mako.

Juma'a ta dawo bayan la'asar. Ban miƙa hannu karɓar jakar ba, ita ma ba ta miƙo ba. Ta amsa gaisuwar yara, ta watsa ruwa, ta aike su gidan kakarsu da tsarabar gyaɗa, sannan ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da tabarmata a tsakar gida.

"Iya ta faɗa mini."

"Kin mai da ni sakarai, Malama."

"Ban mai da kai ba. Jakar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. In ina karɓar haihuwa hannuwana ba sa fita, cewa nake wance miƙo mini almakashi, wance zaro mini auduga. Kakar jariri na sa hannu a ciki, ƙanwar mai naƙuda na sa hannu. A nan kake so in ajiye ta?"

Ta gyara zama, ta ce akwai kuma wata maganar, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce.

"Ka tuna wayata da na ce ta faɗa rijiya?"

Na tuna. Makonni uku kafin nan ta dawo ba waya, na yi ta mata faɗan sakaci, har na ce babbar mace da ita sai ka ce yarinya.

"Ba rijiya ba ce. An tare mu ranar Litinin ɗin, gaba da inda kwalta ta ƙare. Sun fito daga masara, suka sauke mu, suka ce kowa ya zazzage kayansa a ƙasa. Na zazzage. Suka kwashe ruwan ƙari da allurai da bandeji, suka karɓi wayoyi. Akwai wani mutum a motar, sun ga layu a damtsensa da wuƙa a ƙugu, suka ce ɗan sa-kai ne. Ya rantse manomi ne. Suka shiga da shi cikin masara, muka ji ƙara. Wasu maza biyu kuma suka tafi da su."

Tana faɗa muryarta ba ta ko rawa, kamar mai karanta katin mara lafiya. Na tambaye ta ita fa, yaya aka yi.

"Ɗaya ya ce a bar ta, malamar asibiti ce. Ban san shi ba, fuskarsa a rufe. Wataƙila na taɓa karɓar haihuwar wata tasa, wataƙila sauri suke. Na tattara abin da ya rage na ƙarasa. Akwai mai naƙuda tana jirana tun asuba."

"Da abin yana cikin jakar fa?"

"Ban sani ba, Malam. Ka ji dai abin da wuƙa ta jawo wa mai ita."

Na yi lissafin ranakun a zuci. A makon ne na fi kowane mako walwala, har na sayo balangu ranar Juma'ar, na tare ta a ƙofa na ɗaga jakar na yi murmushi. Ita kuma ta biya wurin Iya ta karɓo ƙunshin don kar in ga canji. Ban taɓa jin na ƙanƙance a gaban mutum kamar ranar ba, kuma ba wai ta ɗaga mini murya ba ne.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kana cin abinci. Jininka ya sauka. Yara sun daina ɓuya in ka shigo. In faɗa maka in ce na yi me?"

Na ce to daga yau ni zan riƙa kai ta da kaina har ƙofar asibitin. Ta girgiza kai. Ta tuna mini abin da kowa ya sani yanzu a ƙasar nan, miji da mata masu ƙananan 'ya'ya ba sa bin hanya ɗaya a abin hawa ɗaya, ko biki za su sai ɗaya ya riga ɗaya. In aka haɗa da mu biyu, wa zai riƙe yaran, wa zai yi faɗi-tashin karɓo wani? Na sake cewa ta bar aikin. Ta ce in na ba ta umarni za ta bari, ba za ta saɓa mini ba, amma in sani duk wadda ta mutu a amalanke za ta ji labari, kuma a gidan nan za ta zauna da shi. Na dube ta. Na san in na faɗi kalmar za ta cika, na kuma san matar da za ta rage mini a gida ba wannan ba ce. Ban faɗa ba. Har yau ban san ko tausayi ne ya hana ni ko ragonta.

Abu ɗaya na roƙa. Na ce kar ta sake ɓoye mini komai na hanyar nan, ƙanƙani ko babba.

"Za ka iya ɗauka?"

"Ke kina ɗauka."

"Ni na saba. Kai hawan jini gare ka."

"Ki faɗa mini dai."

Washegari na mayar wa maƙerin kayansa a cikin buhun taki. Ya karɓa ya duba, ya ga ko sau ɗaya ba a harba ba, bai ce ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Na ce ya narkar da ita ya yi lauje. Ya ce ƙarfen bai isa lauje ba, kuma kafin ranar kasuwa wani zai zo nema, ba ni ne farau ba. Ya mayar da ita cikin dusa, ya tambaye ni ko bakunan garman da na ɗauka sun ƙare.

Malama tana can har yanzu, canjin bai fito ba. Litinin in kai ta tasha, yanzu ba na juyawa sai motar ta cika ta tashi, manoman safe su jira ko su tafi. Maganin hawan jini ya zama abincina. Juma'a in ta dawo ta huta, sai ta ɗauko kujerarta ta zauna kusa da ni ta cika alkawari. Ta faɗa mini inda suka ga babura a gindin kuka direba ya taka mota, da ranar da aka ce kar kowa ya fita gona, da wanda aka kawo mata da rauni ta ɗinke ba ta tambayi ko wane ne ba. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma na san tata ta fi tawa.

Juma'ar da ta wuce tana cikin ba ni labarin motar da ke gabansu, wadda aka tare, su kuma suka samu suka juya, sai ta tsaya ta dubi fuskata.

"Ko in daina faɗa maka?"

Na ce a'a, ta ci gaba. Ta gyara ɗankwalinta ta ci gaba daga inda ta tsaya.